Yadda Ake Samo wa Yaro Takardar Haihuwa Kafin Jarrabawar CEP Ta Riske Shi

Kowace shekara, da an koma makaranta a watan Satumba aka fara haɗa takardun 'yan ajin CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, sai ƙofar ofishin daraktan makaranta ta cika da iyaye a arewacin Kamaru, daga Marwa da Kuseri har Garwa da Ngaundare, kuma maganarsu ɗaya ce: yaro ba shi da takardar haihuwa. Makarantun firamare na gwamnati a jihohin arewa sukan karɓi yaro ajin SIL, wato ajin farko, ko babu takarda, kuma sun kyauta, domin tun shekarar 2000 aka soke kuɗin firamare ta gwamnati don kada a bar kowa a gida. Sai dai sassaucin yana ƙarewa a aji na shida. Bisa ƙa'ida ba a rubuta sunan yaro a jarrabawar CEP ta kammala firamare ko ta shiga sakandare sai da kwafin takardar haihuwarsa, haka ma a ɓangaren masu karatu da Ingilishi. Yaron da ya yi shekara shida yana zuwa aji, wani lokaci ma shi ne na ɗaya, sai ya tsaya yana kallon sa'o'insa suna wucewa saboda falle ɗaya na takarda.

Ba matsalar gida ɗaya ba ce. Binciken lafiyar iyali da aka yi a Kamaru a 2018 ya nuna kusan kashi 62 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa, kuma jihohinmu na arewa suna cikin waɗanda aka bari a baya. Amma abin yana da hanya, kuma hanyar ba ta gagari talaka ba idan aka kama ta da wuri. Shawararmu ta farko, wadda ta fi duk sauran nauyi: a fara neman takardar tun yaro yana CE2 ko CM1, wato aji huɗu ko biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai Oktoban shekarar CM2, da wuya kotu da meri, wato ofishin magajin gari, su gama aikinsu kafin a rufe karɓar sunaye.

Jariri: hanya mafi sauƙi, kuma kyauta

Idan an haihu a asibiti, doka ta ɗora wa shugaban asibitin ya aika sanarwar haihuwa zuwa ofishin rajista cikin kwana 30. Idan bai aika ba, iyaye suna da ƙarin kwana 60, jimla kwana 90 ke nan daga ranar haihuwa. Idan a gida aka haihu, a hannun ungozoma, uba ko wani da ya shaida haihuwar shi zai je da kansa cikin waɗannan kwana 90. Ana zuwa ofishin magajin gari, wato meri, ko ƙaramin ofishin rajista na ƙauye, wanda sau da yawa yana kusa da gidan lawan ko jauro. Rubuta haihuwa cikin wa'adi ba a biyan ko sisi. Kwafi mai hatimi ne ake saya wa tambur daga baya.

A nan ne iyaye da yawa suke ruɗewa. Takardar da asibiti ke bayarwa, mai suna déclaration de naissance, sanarwa ce kawai. Ba ita makaranta ke nema ba. Wadda ake nema ita ce acte de naissance, mai lamba, mai sa hannun magajin gari ko mataimakinsa da na sakataren rajista. Akwai uwayen da suka adana ta asibiti shekara goma cikin adaka suna zaton sun gama, sai ranar da darakta ya mayar musu da ita.

Al'adarmu ma tana da hannu a ciki. Ba a faɗin suna sai rana ta bakwai, don haka ma'aikaciyar asibiti takan bar gurbin suna fari, mai jego ta koma gida, a yanka rago, a watse, kowa ya manta. Maganinsa mai sauƙi ne: washegarin suna uba ya koma asibiti da sunan a rubuce, a cike gurbin, ya tambayi ranar da za a kai takardar meri, sannan bayan 'yan makonni ya je meri ya karɓo. Matan da suka sayi Chèque Santé na sefa 6,000 domin awo da haihuwa, su sani cewa ya biya musu aikin asibiti ne, bai ɗauke wa maigida wannan zirga-zirgar ba.

Sai batun aure, wanda ya kamata a faɗe shi a fili ko da yana da nauyin faɗa. Auren da aka ɗaura a masallaci ko a ƙofar gida, da waliyyi da sadaki da shaidu, aure ne cikakke a addini. Amma idan ba a rubuta shi a meri ba, ma'aikacin rajista ba zai sa sunan uba a takardar yaro haka kawai ba. Sai uban ya bayyana da kansa lokacin rubuta haihuwar ya amsa cewa ɗansa ne, uwa ta yarda, shaidu biyu su sa hannu, kowa da katinsa na ɗan ƙasa. Idan aka aiki ƙane ko maƙwabci ya kai takarda, za ta iya fitowa gurbin uba babu kowa, kuma gyaran wannan sai a kotu. Wannan ba zargi ba ne ga kowace uwa, tsarin ofis ne kawai, amma ciwon da yake jawo wa yaro idan ya girma ya karanta takardarsa ba kaɗan ba ne. Uba ya je da ƙafarsa.

Idan kwana 90 sun wuce, ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba. Ana rubuta wa babban mai gabatar da ƙara na yankin, wato Procureur, shi kuma ya umarci meri ta rubuta haihuwar ba tare da zaman kotu ba. A dokar 2011 wannan dama tana ƙarewa da yaro ya cika wata shida. Sabuwar dokar rajista ta 23 ga Disamba 2024 ta tsawaita ta zuwa wata goma sha biyu. Bayan nan sai hukuncin alƙali.

Kafin a nufi kotu

A fara da bincike, domin ɗimbin takardu suna nan kwance a meri, an rubuta su, ba wanda ya zo karɓa. Idan an haifi yaron a asibiti, a ɗauki katin awon uwa ko katin rigakafin yaron a je merin da asibitin ke ƙarƙashinta, a ba su shekara da wata da sunan uwa, a roƙe su su duba rajistar wannan shekara da ta bayanta. Sunan uwa ya fi amfani a binciken, tunda na yaron wataƙila ba a sa ba ko an rubuta shi wata siga daban. In an dace an same ta, an huta da kotu. In ba a samu ba, ba a yi asarar tafiya ba, domin daga wannan ofis ɗin ne za a karɓi takardar shaidar cewa ba a taɓa rubuta haihuwar ba, kuma kotu za ta neme ta.

Hanyar kotu

Hukuncin da ake nema sunansa jugement supplétif, wato hukuncin da ke maye gurbin sanarwar da ba a yi a kan lokaci ba. Ana shigar da buƙatar a kotun da ke da iko da wurin da aka haifi yaron, ba inda iyaye suke zaune yanzu ba. Mutumin da ke kasuwanci a Garwa amma an haifi ɗansa a Mora, Mora zai nufa. Mafi yawan iyaye suna bi ta kotun gargajiya ta matakin farko, Tribunal de Premier Degré, don ta fi sauƙin kuɗi da sauƙin zama, kuma ba dole sai da lauya ba. Babbar kotu ma tana saurare, amma ta fi tsada da ɗaukar lokaci.

Abin da za a haɗa bai da yawa, amma kowanne yana da inda yake kayar da mutum.

Akwai wasiƙar roƙo zuwa ga shugaban kotu, a rubuce da Faransanci, an manna mata tambur. Tambur na gwamnati sefa 1,500 ne tun 2023. A cikinta za a sa sunan yaro, rana da wurin haihuwa, cikakken sunan uba da na uwa, da dalilin da ya sa ba a rubuta haihuwar ba. A faɗi gaskiya: an haihu a gida, ofis ya yi nisa, ba a san wa'adi ba. Alƙalai sun saba jin wannan, ba wanda za a ɗaure a kansa. Idan auren iyaye ba a rubuce yake a meri ba, a cikin wannan wasiƙa ɗaya za a roƙi kotu ta tabbatar da uban yaron, kada a fito da hukunci a sake komawa.

Akwai takardar likita ta ƙiyasin shekaru, certificat d'âge apparent, daga asibitin gwamnati. Likita zai duba tsawo da haƙora da jiki ya rubuta cewa yaron ya kai kimanin shekara kaza. Ƙiyasi ne, yana iya kuskurewa da shekara ɗaya ko biyu, musamman ga yaron da bai samu abinci sosai ba yana ƙarami. Don haka kada a je hannu rabbana. Katin rigakafi, katin awo, ko littafin rajistar makaranta na shekarar da ya shiga SIL, duk suna taimaka wa likita. Inda babu ko ɗaya, a zauna da uwa da kakanni a daidaita: da azumin wace shekara, kafin Sallar Layya ko bayanta, lokacin girbin gero ko dashen masakwa. Malamin unguwa zai iya mayar da watan Musulunci zuwa na boko. Amfanin wannan wahalar shi ne hukunci ya fito da rana da wata. Idan ya fito da «né vers», wato an haife shi wajajen shekara kaza, zai yi aiki, amma nan gaba duk fom na kwamfuta yana neman rana da wata, kowane ofis ya cike abin da ya ga dama, takardun yaron su riƙa saɓa wa juna.

Sai takardar meri da muka ambata, da kwafin katin ɗan ƙasa na uba da na uwa, da hotunan yaron ƙanana, da shaidu biyu tare da kwafin katinsu. A kan shaidu ne buƙatu da yawa ke faɗuwa. Kotu tana son mutanen da hankali zai yarda sun san haihuwar: baffa, gwaggo, ungozoma, limamin da ya raɗa suna, mai unguwa. Shaidar da ya girmi yaron da shekara takwas kacal, ko wanda katinsa ya nuna bai taɓa zama a garin ba, ko wanda aka tsinto a ƙofar kotu da safe, alƙali zai gane da tambaya biyu. Kuma a duba katin shaidun tun da wuri, kada ranar zama a tarar wa'adinsa ya ƙare. Idan uwa ba ta da kati, abin da ya yawaita a ƙauyuka, a faɗa wa magatakardan kotu tun ranar ajiye takardu ya faɗi abin da kotunsu ke karɓa a madadinsa. Sau da yawa ita ma uwar ba ta da takardar haihuwa, kuma ya fi kyau a shigar da tata buƙatar tare da ta yaron.

Ana ajiye takardun a ofishin magatakarda, a biya kuɗin shigar da ƙara, a karɓi rasit da ranar zama. Kuɗin ya bambanta daga kotu zuwa kotu, don haka a tambaya a cikin ofis, ba a bakin ƙofa ba, kuma duk abin da aka biya a karɓi rasit ɗinsa. Doka ta ce kotu ta miƙa buƙatar ga ofishin mai gabatar da ƙara ya bincika ko yaron yana da wata takarda a wani wuri, da ko shaidun na gaskiya ne. Amma wannan bincike ba dole ba ne ga wanda bai kai shekara 15 ba. Ga wani dalili ke nan na yin abin da wuri: na ɗan shekara tara yakan wuce da sauri fiye da na ɗan shekara goma sha bakwai.

Ranar zama a zo da yaron da kansa, da iyaye, da shaidu, da ainihin katunan, ba kwafi kaɗai ba. Wanda bai jin Faransanci ya faɗa tun farko a nemo mai fassara. A yawancin kotunan arewa Fulatanci ko Larabcin Shuwa ko Hausa ba baƙo ba ne. Tambayoyin kaɗan ne: wane ne wannan yaro a wurinka, a ina aka haife shi, yaushe. Abin da ake so shi ne bakin shaidu ya zo ɗaya da abin da ke cikin wasiƙa. Idan mutum ɗaya bai zo ba, za a ɗage zaman, kuma ɗagewa ɗaya takan ci makonni. A kuma tuna cewa kotuna suna hutun shekara daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Satumba, zama yana raguwa ƙwarai, alhali a wannan lokacin ne iyaye suka fi tunawa da batun saboda hutun makaranta. Watannin Janairu zuwa Afrilu sun fi dacewa: an sayar da amfanin gona, akwai ɗan kuɗi a hannu, hanyoyi sun bushe.

Kuskuren da ya fi ba mu takaici yana zuwa bayan an yi nasara. Alƙali ya ce ya amince, iyaye suka yi hamdala suka koma gida, suna zaton an gama. Hukunci ba takardar haihuwa ba ne. Sai an jira wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce, aƙalla wata guda, a koma wurin magatakarda a karɓi kwafin hukuncin da shaidar cewa ba wanda ya ɗaukaka ƙara, a kai su merin garin haihuwa, a can ne za a rubuta a rajista a fitar da takardar. Daga ranar fara haɗa takardu zuwa ranar riƙe ta a hannu, wanda ya ware wata uku zuwa shida bai yi ganganci ba.

Suna, shekaru, da 'yan kan hanya

Kafin a bar teburin sakatare, wanda ya iya karatu ya duba kowane harafi. Sunayenmu suna shan rubutu iri-iri a Faransanci: Muhammadu ya zama Mohamadou, Mouhamadou ko Mahamat, A'ishatu ta zama Aïssatou ko Aïchatou, Usman ya zama Ousmanou. A wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin hukumar jarrabawa mutum biyu ne. Sunan uba da na uwa su zo daidai da yadda suke a katinsu, harafi da harafi. Sunan yaron kuma, tunda makaranta ta riga ta rubuta shi shekaru, a kai wa darakta takardar ya gyara rajistarsa ta bi takardar haihuwa, ba akasin haka ba. Haka ma jerin sunaye: wanda ya zo farko a takardar shi zai zo farko a CEP, da jarrabawar sakandare ta BEPC, ta Probatoire, har Baccalauréat. Yaran da ake kira da laƙabi a gida, su Babangida da Ummi da Abba, a tsayar da shawara sau ɗaya kan sunan da za a rubuta. Gyaran harafi ɗaya bayan an gama rubuta takardar a rajistar meri ba abu ne mai sauƙi ba, yana iya kai wa ga wani hukuncin kotu.

Wasu iyaye sukan so a rage wa yaro shekara biyu ko uku don kada shekaru su hana shi jarrabawar shiga aikin gwamnati nan gaba. Mun fahimci tsoron, tunda yaranmu da yawa suna shiga boko a makare bayan karatun allo. Amma ba mu ba da wannan shawara. Rantsuwa ce a kan ƙarya a gaban alƙali, kuma takan dawo: yaya da ƙane su tashi da tazarar wata huɗu a takarda, ko katin rigakafi ya tona.

Mafi haɗari su ne masu cewa kawo kuɗi gobe ka karɓa. Takardar da suke kawowa tana da hatimi da sa hannu, har ma takan wuce a CEP. Amma kowace takarda ta gaskiya tana da tushe a cikin rajistar meri, abin da ma'aikata ke kira souche, kuma ranar da yaron zai nemi katin ɗan ƙasa, ko fasfo, ko shiga aikin soja, ɗan sanda ko koyarwa, za a nemi shaidar cewa tushen yana nan. Idan babu, duk takardun makarantar da aka gina a kanta sun shiga matsala, ga laifin amfani da jabu a kansa, shi da bai san hawa ba bai san sauka ba. Duk wanda ke da shakka kan takardar da ke hannunsa, ya je merin da sunanta ke jiki ya nemi a nuna masa lambar a rajista tun yaron yana ƙarami. Kuma kada a yi wa yaro takarda ta biyu don ta farko ta ɓata ko tana da kuskure. Yanzu da ake mayar da rajista cikin kwamfuta a ƙarƙashin hukumar rajista ta ƙasa, wato BUNEC, mai takarda biyu zai fito fili.

Idan kuɗi ya gagara

Hanya mafi arha ita ce ta taro. Kotu takan fita ta yi zama a makaranta ko a ƙofar fada, ta saurari yara da dama a yini ɗaya, likita da ma'aikatan meri suna wurin. Ana kiran wannan audience foraine. A 2024 ma'aikatar ilimin firamare ta shirya irin wannan na musamman domin 'yan ajin ƙarshe, kuma a watan Afrilun shekarar magadan gari na ƙasar suka taru a Yawunde kan batun rajistar haihuwa. Irin wannan zama ba ya zuwa garin da ba a ƙirga yaransa ba. Aikin ƙungiyar iyayen yara ta makaranta, wato APEE, shi ne ta zauna da darakta tun zangon farko ta fitar da jerin duk yaran da ba su da takarda daga SIL har CM2, da sunan iyaye da garin haihuwa, ta kai kwafi ga sufeton ilimin firamare na ƙaramar hukuma, kwafi ga magajin gari, kwafi ga lamido ko lawan. Jeri mai suna ɗari biyu yana motsa ofis fiye da kukan uba ɗaya. Limamai da sarakunan Hausawa na unguwanni suna iya sanarwa bayan sallar Juma'a, kuma a sa almajiran tsangaya a cikin jerin, domin su ma wata rana za su tsaya a shingen jami'an tsaro a tambaye su kati.

Marayu da waɗanda ba su da hali ƙwarai suna da wata dama: dokar 14 ga Afrilu 2009 ta tanadi taimakon shari'a ga mabuƙata. Ana farawa daga ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, su yi bincike, a samu takardar shaidar rashin hali, a haɗa da buƙatar.

Waɗanda rikicin Boko Haram ya taso daga Mayo-Sava, Mayo-Tsanaga ko Logone-et-Chari, da waɗanda ambaliyar 2024 ta cinye musu kaya a wajajen Yagwa da Kuseri, su bambance abu biyu. Idan takardar hannu ce ta ɓata amma rajistar meri tana nan, kwafi kawai za a nema. Idan rajistar ce ta ƙone ko ruwa ya ci, sai a nemi a sake gina takardar, kuma duk wani tsohon kwafi, ko hoto a waya, yana da daraja. Yaron da aka haifa a Mubi ko Njamena kuma, kada a ƙirƙiro masa garin haihuwa a Kamaru; a kai takardar can wurin magatakarda a ji hanyar da ta dace.

'Ya'ya mata su ne aka fi tsallakewa idan kuɗin bai isa kowa ba, da tunanin cewa aure za su yi. Wannan kuskure ne babba. Macen da ba ta da takarda ba ta da kati, ba za ta buɗe asusun waya da sunanta ba, ba za ta yi zaɓe ba, kuma gobe 'ya'yanta za su tarar da wannan katangar.

Idan shekarar ta kuɓuce

Wani lokaci duk ƙoƙari sai a makara. A fara da kai wa darakta rasit ɗin kotu a roƙe shi ya tuntuɓi sufeto, domin akan samu shekarun da hukuma ke sassauta wa waɗanda buƙatarsu ke gaban alƙali. In bai yiwu ba, yaron ya maimaita CM2 ya zauna jarrabawar baɗi. Kada a cire shi.

A kula da zuciyarsa a wannan shekarar. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ba ya fahimtar kotu da meri. Abin da ya gani shi ne abokansa sun ɗinka rigar sakandare shi yana nan, kuma da yawa sukan ɗauka laifinsu ne ko ba a damu da su ba. Uba ko uwa su zaunar da shi su gaya masa a fili cewa ba laifinsa ba ne, manya ne suka makara, su nuna masa rasit da ranar da aka sa. A hana 'yan gida yi masa gorin maimaita aji. A roƙi malaminsa ya ba shi wani ɗan nauyi a aji, kamar taimaka wa na baya da shi a lissafi.

Alamomin da bai kamata a yi shiru a kansu ba: ya daina cin abinci ko barci, ya bar wasa da sa'o'insa, yana fita da jaka amma ba ya isa makaranta, ya koma zaman tasha da waɗanda suka girme shi, ko aka ga ƙwayar tiramol a aljihunsa. Idan haka ta wuce mako biyu, duka ba zai gyara ba. A kai shi asibitin gunduma a faɗa wa likita abin da ake gani ba tare da ɓoye-ɓoye ba, shi zai tura su wurin masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa idan da buƙata; ma'aikatan jin daɗin jama'a ma aikinsu ne. Addu'a da rubutun sha ba sa hana zuwa asibiti. Idan kuwa ya furta cewa gara ya mutu, kada a ɗauke ta maganar yara: kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari na gona da sauran magunguna daga inda hannunsa zai kai, a tafi asibiti a ranar.

Wanda ya riga ya girma da komawa firamare, shi ma a yi masa takardar. Da ita zai shiga cibiyoyin koyon sana'a na SAR/SM, ko cibiyoyin matasa na CMPJ da ke ƙarƙashin ma'aikatar matasa, ko ya yi rajista da asusun samar da aiki na FNE. Shirin tallafa wa matasa na musamman da aka sanar a Fabrairun 2016, mai sefa biliyan 102, an tsara shi a matsayin na 'yan shekara 15 zuwa 35 ne, kuma duk wani tallafi irinsa da shaidar ko kai wane ne ake fara shi.

Da takardar ta shigo hannu, a yi kwafi masu hatimi biyu ko uku, su ake kai wa makaranta, ainihin ta zauna a gida. Kada a manne ta cikin leda mai zafi irin ta masu hoto, domin ofisoshi da yawa ba sa karɓar wadda aka manne, kuma akwai bayanan da ake ƙarawa a gefenta nan gaba. Jakar leda mai buɗewa cikin akwatin ƙarfe, nesa da gara da ɗigon damina, ta wadatar. A ɗauki hotonta gaba da baya a aika wa wani ɗan'uwa a wani gari, a kuma rubuta lambarta da shekararta da sunan ofishin da ya bayar a bangon littafin da ba ya barin gida, domin da waɗannan ukun ake nemo tushenta a rajista.